Ƙarfe Biyu Saura Kwata

Babana agogo yake gyarawa a kasuwar Tawa,
gilashi a ido ɗaya, ɗayan a rufe.
In an tambaye shi lokaci, sai ya dubi inuwar rumfa
kafin ya dubi na hannunsa.
Na gaji rufe idon, ban gaji haƙurin ba.

Allona bai kai tafin hannu ba,
kore, da hanyoyin tagulla kamar jijiyar ganye.
Sau huɗu na zana shi, uku na ƙona,
warin dalma ya kama rigata.
A tsakiya ɗan dutse mai rawa,
girgiza miliyan goma a sakan guda.
Na gina masa ɗaki mai ɗumi ɗaya,
kada zafin Adar ko sanyin asuba su canja masa taku.

A kan rufi, anten kamar kifaffen ƙoƙo.
Can inda shaho bai taɓa kaiwa ba
taurarin ɗan'adam na wucewa, kowa da agogonsa,
kowa na raɗa: ga ni, ga lokaci.
Raɗar kan iso a gajiye,
kamar numfashin jariri a bayan ƙofa.
Ba ina nake ba ne tambayata.
Na san Bilbis, na san bedin ƙofar gidanmu.
Yaushe nake tambaya.

Yayata Balkisa ta ce, sakan da aka yanka gida biliyan
me zai dafa?
Na ce, in hasumiyar waya biyu suka saɓa a lokaci
muryar mijinki daga Abijan tsinkewa za ta yi.
In kuran ya ɗauke a tsakiyar daji
da lokaci ake gane inda waya ta katse.
Ta ce to. Ta ajiye mini fura.

Daren Laraba, ƙarfe biyu saura kwata,
sama ta kurmance.
Taurari sha ɗaya, sai uku, sai babu.
Minti arba'in, suka dawo kamar ba su tafi ba.
Na zargi dalmata, na zargi gidan rediyo,
na zargi injin waldar Sha'aibu da ke barci.
Wata Laraba, haka. Wata kuma, haka.

Na fita da 'yar waya a kan sanda
ina bin ƙarar kamar mai bin sawun akuya,
har lungun bayan lakwal, inda siterni ta tsaya,
injinta bai huce ba.
A zaure, fitila, tabarma,
namiji durƙushe yana ba tsohuwa kunu da cokali.

Mijinyawa sunansa.
Ya nuna mini abin: baƙi, bai fi ɗan yatsa ba,
a soke wurin kunna taba. Jika biyar a Ƙwanni.
Mai motar yana Yamai, yana kallonta a allo,
in ta tsaya inda ba a rubuta ba, albashi ya ragu.
Minti arba'in ne, malam, ya ce.
Uwata ce.

Na zo da magana cike da baki.
Da ita na koma.

Na ƙara matata, ba ta isa ba;
wa ke jin raɗa in ana guɗa a kunnensa?
Sai na koya wa dutsen riƙon amana:
in sama ta yi shiru, ya tuna takun jiya,
ya yi ta ƙirga shi kaɗai cikin duhu
har su dawo su ce masa ya yi daidai.
Laraba bakwai yana riƙewa.
Ɓatansa bai kai ƙiftawar ido
da aka raba gida dubu ɗari ba.

Ta takwas, na zauna da shayi ina jira.
Biyu saura kwata. Sha ɗaya.
Biyu da rabi. Sha ɗaya.
Layi a miƙe, ba ko ƙura,
irin da na yi wata shida ina roƙo.

Da gari ya waye na sa hula
na nufi bayan lakwal.
Tun daga nesa na ga tabarmi a waje.