Agogon Ƙirjin Tanimu

Shekara tara ke nan ina kwana
kusa da agogon da ba a ɗaura shi a hannu.
Tun da suka buɗe ƙirjin Tanimu
suka sa wa zuciyarsa ƙyauren ƙarfe,
in dare ya tsala, Kakuri ta yi tsit,
sai in ji shi: ƙis, ƙis, ƙis.
Yakan ce, "Lantana, an rufe masaƙa,
amma ga inji ɗaya da bai daina aiki ba."

Ran sunan jikarmu aka soya kaji.
An ɗauke wuta tun azahar,
firij ya koma akwati.
Ragowar ta kwana, da safe muka ci, mu bakwai.
Kowa ya sha zarya zuwa bayan gida
har muna yi wa juna tsiya a bakin ƙofa.
Kwana uku yara suka koma ƙwallo,
ni na koma kan keken ɗinkina.
Shi kaɗai zazzaɓi ya ƙi saki.

Mai kemis ya ce na sauro ne. Ya sha magani.
Ya ce to taifot ne. Ya sha wani.
Da rana yana kan benci da rediyonsa,
da dare gumi ya jiƙa zanin gado
kamar an tsamo shi daga kogin Kaduna,
haƙora na kaɗawa a ƙarƙashin bargo biyu.
Agogon nan kuwa,
da na haddace fiye da muryar 'ya'yana,
na ji yana tuntuɓe.

Dakta Bakut bai yi gaggawar magana ba.
Ya juya hannunsa, ya duba ƙarƙashin farce,
wasu jajayen layuka kamar sartse.
Aka ɗebi jini a kwalabe biyu,
aka ce a jira a ga abin da zai tsiro.
Ban taɓa jin ana shuka jini ba,
sai ga ni zaune a baranda
ina jiran girbin da ba na so.

Rana ta uku ya kira ni gefe.
Salmonela, in ji shi.
Na ce ya maimaita,
sunan kamar na sabon leshi.
Ya ce ku ta ratsa cikinku ta wuce,
shi kuwa ta haura katangar hanji,
ta bi jini har ta tarar da ƙarfe,
inda dakarun jiki ba su cika sintiri ba,
ta kafa bukka.
Tsoho, jariri, mai sikila, mai ciwon suga,
mai irin ƙirjin mijinki:
sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mako shida na allura ta jijiya.
Na sayar da keken, na riƙe almakashi.
Ɗanmu Iro ya jinginar da babur.
Kullum ina ƙetare gada da asuba
da kunun gyaɗa a fulas,
wanda na tafasa, na sake tafasawa,
don yanzu ko ruwa ban yarda da shi ba.

Ni na ce kada a zubar da kajin nan.
Ni na ce almubazzaranci ne.
Ban faɗa wa likita ba.
Ban faɗa wa Iro ba.
Jiya na faɗa wa Tanimu.
Ya daɗe yana kallona,
ya ce, "Ai kuwa sun yi daɗi,"
ya yi dariyar da ta rikiɗe tari.

Yau kwana ashirin da uku.
Sun ce in hoton zuciya bai nuna sauƙi ba
sai an sake buɗe shi,
ba a nan ba,
ba mu kuma san da me ba.

Janareta ya yi shiru, ɗakin ya yi duhu.
Mai jinyar gadon kusa tana jan carbi.
Na sunkuya na ɗora kunne a kan tsohon tabon.
Ƙis.
Ƙis.
Na ƙirga ya haura ɗari, lissafi ya kuɓuce mini,
na sake farawa daga ɗaya.