Ɗaya Cikin Dubu Biyu

A benen da ke kallon Tashar Dukku
nake da tebur ɗaya, kujera biyu,
da fankar da ba ta juyi sai NEPA ta ga dama.
A nan nake shuka shinkafar da ba ta san ruwa ba.

Alhaji Babayo mai injin casa a Dadin Kowa
ya hawo da haki, ya dafa ƙofa,
ya ce, "Yarinya, an ce kina sa wa waya kiranye.
Allon talla ya ci kuɗina a bakin titi,
rana ta ƙoɗar da shi, ba wanda ya ɗaga kai.
Yi mini abin da zai riƙe ɗan yatsa."

Na gina masa shafi kore shar kamar fadama,
na zana buhu mai buɗaɗɗen baki,
ƙwayoyi na zubowa daga saman allo.
Ka ja hagu, ka ja dama,
tsakuwa ta shiga, ka faɗi.
In ka cika shi, akwati ya buɗe:
ko mudu guda kyauta, ko "sake gwadawa."

Dare goma sha ɗaya ina koya wa ƙwaya faɗuwa.
In ta yi sauri ta zama ƙanƙara,
in ta yi nawa ta zama auduga.
Ƙarar shigarta buhu kuwa,
a madafin Inna na samo ta:
na kara waya a bakin ƙwarya
tana awon na rana, tana ce mini tababbiya.

Ɗaya cikin ashirin, haka na rubuta.
Kafin sati gari ya ɗauka,
Pantami, Bolari, Jekadafari,
masu tireda, masu bin layin banki.
Har mai gadinmu da ba ya fara'a
na ji shi yana zagin tsakuwa.

Ran Laraba waya ta yi ƙara.
"Mudu ɗari huɗu sun fita, yarinya!
Talla na ce, ban ce zakka ba.
Matse ƙofar."
Na ce, "Alhaji, mutane za su gane."
Ya ce, "Mai neman sa'a ba ya lissafi.
Cikon kuɗinki kuma yana aljihuna."

Mai haya ya zo sau biyu. Batirin sola ya mutu.
Na gangara layi na ɗari da bakwai,
na ƙara sifili biyu a bayan ashirin.
Ko nauyin ƙwaya ɗaya ba su yi ba.

Jiya da yamma na hau keke zuwa Tumfure.
Mai keken, Jalo na ji an kira shi,
duk inda cunkoso ya tsaida mu sai ya zaro waya.
Sai ga ƙarar ƙwaryar Inna
tana fitowa daga tafin baƙo.
Ya ce, "Hajiya, saura ƙiris.
Maƙwabcina ya ci wancan satin.
Datar ɗari biyu nake sawa kullum.
Mai ɗakina ta ce ranar da na ci, sai dafa-duka."

Gwani ne, ko tsakuwa ɗaya bai bari ba.
Buhu ya cika taf.
Akwati ya girgiza yadda na koya masa,
ya yi jinkirin daƙiƙa biyun da na auna
don gaban mutum ya faɗi,
sannan: sake gwadawa.
Ya yi dariya. "Rabo bai tsaga ba."

Rabo!
Ga wadda ta san layin da yake kwana, zaune a bayansa.

Na sauka tun kafin unguwarmu,
na miƙa masa dubu, ban tsaya canji ba.
Yana kira, ina ƙara sauri.
Canjin bai kai kuɗin mudu ba, na sani.

Yanzu ƙarfe ɗayan dare, an kawo wuta.
Kwamfuta na bisa cinyata,
ɗan tsinken rubutu na ƙyaftawa a bayan sifili.
Saƙon Alhaji ya shigo tun bayan isha'i:
"Aiki ya yi kyau. Ƙanena mai man gyaɗa na son irinsa."

Ban amsa ba. Ban goge ba.
A madafi ƙwaryar Inna na kife.