Babur a Cikin Akwati

Kwana goma sha tara ke nan ina jira.
Jikata Darla ta ce wayarta ta nuna
akwatin ya baro Kalifoniya,
ya kwana biyu a Amarillo bai motsa ba.
Na ce ta sake dubawa.
Ta ce, "Kaka, dubawa ba ta tura mota."

Maruƙa biyu na sayar,
da itacen da na faskara tun farkon kaka.
Hoyt Bascom, maƙwabcina, ya jingina da shinge,
ya tofar da taba, ya ce araha ba ta ado.
Nasa na Jamus ne, kuɗinsa ya sayi nawa bakwai,
yana lulluɓe a gareji kamar mai jinya,
tayarsa ba ta san launin lakar Arkansas ba.

Na share rumfa har sau uku.
Na jera sifanu a kan tsohon tawul, daga ƙarami zuwa babba,
da dare in fito da tocila in ƙirga su,
sai ka ce ƙafa gare su.

Ranar Talata tirela ta tsaya a bakin kwalta,
direba ya ce ba zai hau burjinmu ba.
Da akori-kura muka ɗauko shi, ni da yarinyar.
Muka ɓamɓare katako:
ga shi ja, babu tayar gaba, kansa ɗaure a gefe,
yana warin roba da gishirin teku.
Takardar bayani shafi huɗu ce,
wanda ya rubuta ta bai taɓa riƙe sifana ba.

Noti ɗaya ya ɓace.
Muka same shi da magariba a cikin kwanon kare.

Man da ya zo a injin na tsiyaye,
siriri kamar ruwan shayi, da ɓurɓushin ƙarfe a ƙasa.
Na zuba sabo.
Kowane noti na kwance, na ɗiga masa shuɗin gam, na ɗaure,
don an ce irinsu na zubar da kayansu a hanya
kamar tsoho da haƙoransa.
Darla na rubutawa a littafin makaranta:
sarƙa, yatsa biyu na sassauci;
bawul, a auna da sanyin safiya, inji bai tashi ba;
wayoyin taya, a buga musu sifana a saurara,
wadda ta yi shiru ita ke da magana.

Bugu na tara ya yi tari.
Na sha ɗaya ya kama,
kaji suka watse, Hoyt ya leƙo ta taga.

Mil ɗari uku na farko lallaɓa shi na yi,
ban matsa masa ba, bai matsa mini ba.
Madubin hagu ya juya yana kallon sama,
salansa ta yi tsatsa tun ruwan farko,
kujerar kuwa, katako ya fi ta tausayi.
Na sani. Ni ma ba sabo ba ne.

Amma akwai hanyar da ambaliya ta cinye
shekara shida da suka wuce,
wadda ke hawa tudu zuwa inda muka binne yayana Clell.
Mota ba ta zuwa. Gwiwata ba ta zuwa.
Jiya a giya ta ɗaya, ƙafa biyu a ƙasa,
muka tsallake rafin, muka bi ta kan duwatsu,
yana kuka, ina ba shi haƙuri.

Na cire ciyawa a kan kabarin.
Na gaya wa Clell nawa na saya,
na san da ya yi dariya.
Bayana injin na ƙas, ƙas, yana hucewa.

Da na dawo na duba: noti biyu sun saki.
Darla, kawo littafin.