Abin da Ke Bin Bakwai

Shekara tara ina kasuwar Mil Sha-biyu,
kwandon tumatir ɗari-ɗari, ban taɓa riƙe biro ba.
Motar Kadawa ta iso da asuba,
na san na wane da na wance,
da wanda ya ci bashi zai rantse bai ci ba.
Kaina ne littafin, ba ya gogewa.

Sai wata Laraba Iya Risi ta miƙo kuɗi,
na ƙirga, na kai bakwai, na tsaya.
Abin da ke bin bakwai ya tafi yawo.
Ta ce, "Malam Tanimu, lafiya?" Na ce zafi ne.
Ban yi ƙarya duka ba:
in rana ta take, kaina cunkushewa yake
kamar gadar Ketu da yamma,
kalma ta hango ni ta wuce,
danfo ce da ta ƙi tsayawa.

A Idi-Araba likita ta ɗaga wayar caja
wadda ɓera ya yage wa riga.
"Haka jijiyoyinka suke. Wutar tana nan,
saƙon ne ke zuba a hanya."
Ba sammu ba, ba tsufa ba,
arba'in ma ban kai ga cikawa.

Ba jan ƙafar ne ya fi ci mini rai ba.
Ranar ta'aziyyar Gambo dariya ta kuɓuce mini,
na toshe baki da hula, na fice.
Wa zan gaya wa fuskata ta daina shawara da ni?
Kwana huɗu ina kallon bango.
Lantana ba ta ce in yi haƙuri ba.
Ta ce, "Na zuba maka ruwan sanyi, gari na wayewa."

Yanzu da sanyin safe nake ciniki.
Sha ɗaya, inuwa, jiƙaƙƙen tawul a wuya.
Waya ta yi ƙara: magani.
Mutum ɗaya, magana ɗaya, na biyu ya jira.
Ƙarshen wata mu shida a bencin asibiti,
Nkiru malamar makaranta ta ce a firji ta tsinci makullinta.
Wannan dariyar tawa ce,
da izinina take fitowa.

Shuɗin littafin aljihu, Lantana ta sayo.
Shafin farko hannunta ne:
gishiri, kalanzir, kuɗin makarantar Dije.
Can ƙasa ta rubuta takwas, babba,
ta ja mata layi biyu.
Wasu ranakun ba na dubawa.