Mai Igiya da Arzika

Kakana Arzika, mutumin Dundaye,
shi ya riƙe wa Baturen bakin igiya.
Sunan Baturen ya gagari harshen mutane,
aka ce da shi Mai Igiya, ya amsa.

Ya zo da akwatin kwano cike da zane:
tafkin da aka haƙa da hannu har ya yi kama da na Allah,
tudun da aka tara da kwando,
ciyawa a shimfiɗe kamar dardumar liman.
Shekara ashirin, in ji shi, yana yi wa attajiran ƙasarsu gyaran ƙasa,
har ƙauye ya taɓa tasarwa don kada ya tare wa wani taga.
Yanzu ga shi a Sakkwato, za a yi wa bariki lambu.

Shekarar farko ya shuka ciyawarsu.
Jakai goma sha biyu suna jido daga Rima,
salka bibbiyu, safe da la'asar.
Bazara ta zo ta leƙa.
Kwana tara, filin ya koma gemun masara.
Furannin da yake kira da sunan mata,
gara ta gama da su ta ƙarƙashi, ba sallama.
Ya zauna bisa marmara, fuska ja kamar nunannen gauta,
ya cire hula, ya dubi kakana.

Kakana ya ce, "Ƙasag ga ba ta son umurni,
lallashi taka so."

Ya kai shi gindin gawo da damina,
itacen da ke tuɓe riga lokacin da kowa ke sa tasa.
Ya nuna masa inda tururuwa ke fito da ɗanyar ƙasa,
ya ce a nan ruwa ya kwana.
Ya koya masa binne tulu mai huda kusa da dashe,
da shingen ƙaya, don akuya ba ta san Bature ba.
Mai Igiya yana rubutawa,
yana furta "maɗaci" kamar mai cin tuwo da zafi.

Suka dasa arba'in, layi biyu.
Tsamiya a kusurwa, bedi a bakin hanya.
Sai wuri guda, wajen yamma,
Baturen ya ja igiya ya ce kada a sa komai.
Kakana ya yi gardama har kwana uku.
Da rana ta sauko ta wannan giɓin
ta kwanta a kan fadama, shanu suna tsallakawa a cikinta,
ya yi shiru.
Har ya tsufa yana faɗi:
"Ashe fili ma shuka shi akai."

Shekara ta bakwai zazzaɓi ya kwashe Baturen,
itatuwan iyakar kafaɗarsa.
Bai taɓa zama inuwarsu ba.
Wasiƙa ta zo sau ɗaya, da busasshen ganye a ciki,
kakana ya soke ta a azara, ba mai karantawa.
A taswirar ofis suna ɗaya aka rubuta.

Jiya na je.
Sha ɗaya suka rage.
Makanikai sun rataye taya a reshe,
baƙin mai ya sha gindinsu, amma suna tsaye.
Giɓin yamma, wani ya cika shi da bene.
Na tambayi yaron da ke wanke injin,
"Wa ya shuka waɗannan?"
Ya ɗaga kai, kamar yau ya fara ganin su,
ya ce, "Ai da kansu suka fito."

Ban gyara masa ba.
Na sayi shayi, na zauna a kan saiwa.
Igiyar kuwa gidanmu ta ƙare,
ta ja guga shekara goma sha
kafin ta tsinke a rijiya.