Randa Ce Ta Fara Faɗa

Tun da watan Rajab ya kama
randarmu ba ta kwana da ruwa.
Ga-ruwa ya ce, "Tsahara, baƙi kuka yi?"
Na ce, babu baƙo, Lawali ne.

Cikin duhu nake jin moɗa tana karo da gindin randa.
Ƙyaure ya yi kuka, ya fita da buta,
ya dawo, shimfiɗa ba ta ɗumama ba
ya sake miƙewa.
Sau biyar, kafin ladanin Birni ya gyara murya.

Ya ce zafin Damagaram ne,
duwatsu ke amayar da ranar da suka sha.
To, zafi ne ke sa tafin ƙafa ya yi ta tsikari
kamar mai tafiya a kan ƙarangiya?
Zafi ne ke tashin ƙato tsakar dare
yana laluben ɗumamen tuwo,
matashi jiƙe, harshe kamar busasshiyar fata?

Baduku ne, shekara talatin a kasuwar Dole,
yau zare na ɓata masa a bakin allura.
Mazagin wandonsa kullum ƙara tsawo yake.

Da asuba na bi sawunsa da fitila.
Inda ya tsuguna, kiyashi sun yi sahu
kamar an zubar da shayi.

Ban ce komai ba.
Na ɗauke kwalin sukari daga gefen murhu,
na ajiye masa takalmi a bakin ƙofa.
Ya ce, "Rumfa fa?"
Na ce, fata ba ta gudu.
Yau kai za a huda,
ɗigon jini ɗaya, a asibiti.