Kunnen Ƙarfe

Ƙauyenmu na tsallaken kogi, hayin Maiurno,
inda kwalta ta leƙo ta fasa.
Da can mai son magana da nesa
sai ya hau tudun maƙabarta,
ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.
Sandar sabis ɗaya takan fito,
kafin ka gama sallama ta noƙe wuya irin na kunkuru.

Shekara uku ina hawan tudun nan
da gwiwar da ba ta so,
don in ji Babikir daga Jidda.
Rabin kalma nake samowa.
Ran nan ya ce, "Baba, na sa..." sai shiru.
Na samu? Na saya? Na sauka?
Na gangaro da guntun zance a aljihu,
ni da uwarsa muka kwana muna yi masa jela.

Sai ga Sittana, 'yar ƙanena,
ta zo hutu daga makarantar Sinnar
da wani ƙarfe cikin buhun riɗi,
siriri, da haƙarƙari a jere,
sai ka ce ƙayar kifin da aka sakace a bakin Nilu.
Ta ce eriya ce.
Ta ce ba ta jin kowa sai wanda ta fuskanta.
Na ce, ashe akwai ƙarfe mai halin kakarki.

Muka haɗa gora biyu da igiyar guga.
Attayib mai agashe ya bar namansa a wuta ya riƙe tsani,
yara suka ja waya ta kan danga
har ɗakin da batirin sola yake kwana.

Na ce, juya ta gabas.
Can yaron yake, can alƙibla,
can kakanninmu suka nufa a ƙafa
kafin guzuri ya ƙare, kogin nan ya ce su zauna.
Ta yi dariya daga saman tsani:
"Baffa, turken sabis yana yamma,
bayan waccan goribar mai kai biyu."

Raina bai so ba.
Wa ya taɓa neman ɗansa ta hanyar ba shi baya?
Amma ta juya ta,
ƙarfen ya kalli hanyar da muka fito tun kaka da kakanni,
wadda ba wanda ya koma.

"Kaɗan. Dawo. Faɗin yatsa. Tsaya nan!"
Sanda biyu.
Uku.
Attayib ya saki tsani ya tafa, saura ƙiris mu yi jinya.

Sai ga fuska a tafin hannuna.
Ya yi gemu, ba wanda ya gaya mini.
Bayansa fanka tana juyawa, ina jin har ƙararta.
Ya ɗago wani ƙunshi mai ido biyu,
ya ce, "Baba, cewa na yi
na sa mata sunan Inna."
Jaririyar ta kau da kai daga gare mu duka,
ta ƙura wa bango ido.
Na ce, ita ce, ba ko tantama.

Yanzu gindin katangata ya zama dandali.
Masu riɗi na tambayar farashin Gadarif kafin dillali ya yi musu ƙarya,
ungozoma na tura wa likita hoto,
ni ke asarar jabana.

In hadari ya kwana yana kokawa da gora,
da asuba sai in fita, in rufe ido ɗaya,
in daidaita bakin ƙarfen da goribar nan.
Faɗin yatsa ne tsakanin ɗana da shiru.

Tudun kuwa mun bar wa masu shi.
Jiya na wuce, ciyawa ta cinye 'yar hanyar da na taka.
Na tsaya wajen Inna, na gaya mata an yi mata takwara,
na zagaya ta gabanta tukuna,
don na san ba ta ji ta baya.